Darasin Kimiyya: Yadda Ake Juya Awon Radiyeshan Tsakanin Rad da Gire

Ɗalibin da ya gama sakandare a Andarai ko Maiyama ko Jega, ya samu gurbi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero a Jihar Kebbi domin karanta Fiziks ko aikin gona, ko kuma ya nufi Sakkwato koyon aikin ɗaukar hoton asibiti, zai ci karo da wata matsala tun a shekarunsa na farko. Littafin da aka buga a 1965 zai ba shi adadin radiyeshan da wani ma'auni mai suna rad. Wanda aka buga a 2005 zai ba shi adadin da wani ma'auni mai suna gire, wanda alamarsa ita ce Gy. Maganar da suke yi ɗaya ce, amma lambobinsu sun sha bamban. Darasinmu na yau shi ne yadda ake tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya ba tare da kuskure ba. Ƙa'idar gajera ce, ana iya haddace ta cikin minti guda. Sai dai abin da aka haddace ba tare da an san tushensa ba, shi ne ke juyewa a kan mutum ranar jarrabawa ko ranar aiki, ya ninka a inda ya kamata ya raba. Saboda haka za mu fara daga tushe.

Kowane abu da muke gani, ruwa ne ko ƙashi ko albasa, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya mai nauyi a tsakiya, da wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna ilaktaron da ke kewaye da ita. Radiyeshan kuwa makamashi ne da ke tafiya daga wani wuri zuwa wani. Hasken rana ma radiyeshan ne, haka igiyar rediyo da ta wayar salula. Amma wanda ya shafe mu a nan shi ne mai ƙarfin da zai iya fizge ilaktaron daga jikin ƙwayar zarra idan ya ratsa ta. Irinsa ne hasken eksire da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a birnin Würzburg na Jamus a 1895. Irinsa ne kuma hasken gamma da ƙwayoyin alfa da na beta da ke fita daga wasu ma'adinai kamar yuraniyam, abin da Henri Becquerel ya fara lura da shi a Faransa a 1896.

Idan irin wannan haske ya shiga jikin wani abu, wani ɓangarensa yakan wuce ya fita ta ɗaya gefen, wani ɓangaren kuma ya tsaya a ciki. Wannan ne ma asirin hoton ƙashi: tsoka tana barin yawancin hasken ya wuce, ƙashi yana tare shi, sai inuwar ƙashin ta fito a hoto. Aliero ta yi suna wajen ɗori, kuma mai karaya da aka ɗauki hoton ƙafarsa ya ga wannan inuwa da idonsa. To, hasken da ya wuce ya fita bai bar komai a jiki ba. Wanda ya tsaya shi ne ya sauke makamashinsa a ciki, kuma shi ne ke yin aiki, na alheri ko na ɓarna. Wannan makamashi da ya tsaya shi muke son aunawa. Za mu kira shi adadin sha, wato adadin radiyeshan da abu ya sha.

A nan akwai wani mataki da ɗalibai kan tsallake, kuma ina so ku tsaya a kansa. Adadin sha ba jimillar makamashin da ya shiga ba ce kawai. Makamashin ake rabawa da nauyin abin da ya sha shi. Dalili kuwa shi ne, makamashin da zai watsu cikin buhun hatsi ba tare da ya yi wani tasiri ba, idan aka tattara shi a kan ƙwaya ɗaya zai halaka ta. Abin da ke nuna tsananin tasiri shi ne rabon da kowane kilo ya samu. Don haka:

adadin sha = makamashin da ya tsaya ÷ nauyin abin da ya sha

Ma'aunin makamashi a tsarin awo na duniya shi ne jul, ma'aunin nauyi kuma kilogiram. Idan kilo ɗaya na wani abu ya sha jul ɗaya na radiyeshan, an ce ya sha gire ɗaya. Ma'anar gire ke nan gaba ɗayanta: jul 1 a kowane kilo 1. Idan naman da nauyinsa kilo 2 ne ya sha jul 6, adadin shansa 6 ÷ 2 ne, wato gire 3. Babban Taron Awo da Ma'auni na duniya ne ya amince da wannan ma'auni a 1975, aka raɗa masa sunan Louis Harold Gray, masanin Ingila da ya yi rayuwa daga 1905 zuwa 1965, wanda ya ƙarar da shekarunsa yana binciken yadda radiyeshan ke taɓa ƙwayoyin halitta.

Kafin 1975 kuwa mutane ba su zauna ba su auna ba. Tun a 1953, a taron masana hasken asibiti da aka yi a Kopenhagen, an amince da rad. A wancan zamani masana Fiziks da yawa suna lissafi da santimita da giram, ƙaramin ma'aunin makamashinsu kuma sunansa erg. Sai aka ce rad ɗaya shi ne erg 100 a kowane giram ɗaya. Ku lura cewa tsarin iri ɗaya ne da na gire, makamashi a sama, nauyi a ƙasa. Tubalan da aka yi ginin da su ne kaɗai suka bambanta, kuma idan muka juya tubalan, dangantakar ma'aunan biyu za ta fito da kanta.

Bari mu yi lissafin a hankali. Kilo ɗaya giram 1,000 ne. Idan kowane giram ya sha erg 100, kilo ɗaya ya sha 100 × 1,000, wato erg 100,000. Jul ɗaya kuwa erg 10,000,000 ne. Don mu san jul nawa ke cikin erg 100,000, sai mu raba: 100,000 ÷ 10,000,000. Idan muka soke sifili biyar a sama, biyar a ƙasa, abin da ya rage shi ne 1 ÷ 100. Ashe rad ɗaya ɗaya bisa ɗari ne na jul a kowane kilo, wato:

rad 1 = gire 0.01
gire 1 = rad 100

Wannan ɗari ba kusan ɗari ba ne, ba kuma wani ne ya auna a ɗakin gwaji ya samu haka ba. Ɗari ne cif, domin daga ma'anar ma'aunan biyu ya fito. Bai damu da irin hasken ba, bai damu da abin da ya sha ba: ƙashi ne, ruwa ne, ƙarfe ne, ɗarin yana nan yadda yake.

Gire shi ne babba, rad shi ne ƙarami, kamar dai naira da kobo. Wanda ke da naira 5 yana da kobo 500, kuɗin bai ƙaru ba, lambar ce ta girma saboda an ƙirga da ƙaramin abu. Haka nan idan za ku tashi daga gire zuwa rad, ku ninka da 100, lambar ta girma. Idan za ku tashi daga rad zuwa gire, ku raba da 100, lambar ta ragu. Gire 3 rad 300 ne. Rad 450 gire 4.5 ne. Rad 7 gire 0.07 ne. A aikace, ɗigon lissafi ne ke matsawa gida biyu, zuwa dama idan rad ake nema, zuwa hagu idan gire ake nema. Duk lokacin da kuka gama, ku duba amsarku da tambaya ɗaya: lambar rad ta fi lambar gire girma? Idan ba ta fi ba, kun juya lissafin.

Yanzu mu ga girman gire a jikin mutum, don lambar ta zama wani abu a zuciyarku. Idan dukan jikin mutum ya sha gire 4 zuwa 5 a lokaci ɗaya, wato rad 400 zuwa 500, kuma bai samu kulawar asibiti ba, kusan rabin waɗanda hakan ta same su kan mutu cikin makonni. Abin mamaki shi ne ƙanƙantar makamashin. Mutum mai kilo 60 da ya sha gire 5 ya sha jul 300 ke nan. Ana bukatar wajen jul 4,200 kafin a ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, saboda haka gire 5 ba zai ɗaga zafin jiki da fiye da kimanin ɗaya bisa dubu na digiri ba. Mutum ba zai ji ko ɗumi ba. Ɓarnar tana zuwa ne ta wata hanya: makamashin yana sauka ne a kan ƙwayoyin zarra ɗaya-ɗaya, yana fizge ilaktaron, yana tsinka zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, wanda ake kira DNA. Ƙwayar da zarenta ya tsinke takan kasa rabuwa ta hayayyafa. Shi ya sa sassan da suka fi jin jiki su ne waɗanda ƙwayoyinsu ke yawan rabuwa, kamar ɓargo da bangon hanji.

Wannan rauni na ƙwayoyi masu yawan rabuwa shi likitoci suka mayar makami a kan cutar daji. Majinyacin da aka tura daga Kebbi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato domin a yi masa gashi, zai ga an rubuta adadin a takardarsa. Wani tsari da aka daɗe ana bi shi ne gire 2 a rana, kwana biyar a mako, har mako biyar, jimilla gire 50. Ɗalibi mai lura zai ce, to ai yanzu aka ce gire 5 yana kisa. Amsar tana cikin ma'anar da muka fara da ita. Gire rabon kowane kilo ne na wurin da aka haska. A gashi, ƙarin da kewayensa kaɗai ake saitawa, ba dukan jiki ba, kuma ana raba adadin kashi-kashi domin lafiyayyun ƙwayoyi su samu sararin gyara kansu tsakanin yau da gobe.

A irin wannan takarda za ku iya ganin an rubuta 200 cGy maimakon 2 Gy. Ƙaramin harafin c yana nufin santi, wato ɗaya bisa ɗari, kamar yadda santimita take ɗaya bisa ɗari na mita. Santigire ɗaya ɗaya bisa ɗari ne na gire. Mun kuma riga mun ga rad ɗaya ma haka yake. Ke nan santigire 1 daidai yake da rad 1, babu ragi babu ƙari. Likitocin da suka saba rubuta rad 200 a rana da rad 5,000 a jimilla sun samu hanyar shiga sabon tsari ba tare da sun canza lambar da idonsu ya saba da ita ba: 200 cGy a rana, 5,000 cGy a jimilla. Dabara ce mai amfani, amma ta ɗora wa mai karatu nauyin kallon harafi ɗaya ƙarami, domin tsakanin 200 cGy da 200 Gy akwai ninki ɗari.

Daga nan muka shiga wurin da yawancin kurakurai ke faruwa, wato ƙananan haruffan da ake liƙawa a gaban ma'auni. Kilo, alamarsa k, yana nufin dubu. Mega, alamarsa babban M, yana nufin miliyan. Mili, alamarsa ƙaramin m, yana nufin ɗaya bisa dubu. Maikiro, alamarsa µ, yana nufin ɗaya bisa miliyan. Babu wanda ya fi manomin albasa na wannan yanki cancantar a yi masa misali da su.

Kowa a ƙasar Aliero da Jega da Maiyama ya san abin da ke faruwa da albasar da aka cire da rani aka zuba a rudu ana jiran farashi ya tashi. Bayan an cire ta, albasa takan yi wani ɗan barci na makonni, ba ta tsiro. Idan barcin ya ƙare, musamman da iska ta fara ɗaukar laima gab da damina, sai idon da ke tsakiyarta ya farka, ƙwayoyinsa su fara rabuwa, ganye ya leƙo. Tsiron yana cin abincin da ke cikin albasar, ta yi laushi, ta rage nauyi, ɗan kasuwa ya ƙi ta. Tun a shekarun 1950 masana suka gano cewa ɗan hasken gamma kaɗan yana hana ƙwayoyin wannan ido rabuwa, alhali sauran albasar tana nan da ranta. Tarayyar Sobiyat ta halatta yin haka ga dankalin Turawa a 1958, Kanada ta bi a 1960. A Indiya, a garin Lasalgaon da ke da babbar kasuwar albasa, an buɗe cibiya mai suna KRUSHAK a 2002 domin wannan aiki. Najeriya ma tana da cibiyar haska kaya da gamma a Sheda, kusa da Abuja, wadda ke aiki da sinadarin kobalt-60. Albasar da aka haska da kobalt-60 ba ta komawa mai fitar da radiyeshan, domin ƙarfin wannan haske bai kai ya taɓa cibiyar ƙwayoyin zarrarta ba.

Adadin da ake bukata don hana tsiro bai wuce gire 150 ba, kuma ga albasa an fi yin aiki tsakanin gire 60 da 90. Binciken farko-farko a kan wannan kuwa an rubuta shi ne da kilorad, wato krad, saboda a lokacin ba a haifi gire ba. A ce ɗalibin aikin gona a Aliero ya buɗe tsohuwar mujalla ya ga an haska albasa da krad 8. Yaya zai yi? Mataki biyu ne, kuma kada a haɗa su. Da farko a kwance harafin: krad 8 shi ne 8 × 1,000, wato rad 8,000. Sannan a juya ma'aunin: 8,000 ÷ 100, wato gire 80. Amsar ta faɗa cikin iyakar da muka ambata, alamar cewa lissafin ya tafi daidai. Daga nan muka samu wata gajeriyar hanya: krad 1 daidai yake da gire 10. Krad 6 gire 60 ne, krad 15 gire 150 ne.

Ku dubi abin da zai faru idan aka yi gaggawa. Wanda ya ga krad 8 ya jefar da harafin k ya musanya rad da gire, zai ba albasa gire 8, kashi ɗaya cikin goma na abin da ake bukata, kuma ba za a dogara da shi ya hana tsiro ba. Wanda kuma ya riƙe k ɗin ya musanya rad da gire kai tsaye, zai ba ta kilogire 8, wato gire 8,000, ninki ɗari na abin da ake nema. A wannan mataki naman albasar kansa yakan lalace, ta yi laushi, ta rasa ƙarfin kare kanta daga ruɓa. Lamba ɗaya ce, 8, amma ta haifi sakamako uku. Shi ya sa nake roƙonku, a kowane layi na lissafi ku rubuta ma'aunin a gefen lambar, ko da kuna ganin ɓata lokaci ne.

Ya kamata in faɗi iyakar wannan fasaha, don kada wani ya ɗauke ta maganin kowace asara. Haskawa tana hana tsiro ne kawai, kuma sai an yi ta cikin makonnin farko bayan cirewa, albasa tana cikin barcinta. Ba ta gyara albasar da aka ji wa rauni wajen cira, ko wadda ba a bari wuyanta ya bushe ba, ko wadda aka cusa a wurin da iska ba ta ratsawa. Ga kuma nisan da ke tsakanin Andarai da Sheda, wanda kuɗin motarsa kaɗai abin lissafi ne ga ƙaramin manomi. A ganina, busarwa mai kyau da rudu mai iska sun fi kusa da hannun manominmu a yau. Amma ranar da za a zauna a yi shawarar ko yankin da ke noma albasa haka ya cancanci irin wannan cibiya, ina fata a samu 'ya'yan yankin a teburin, waɗanda za su karanta tsohon rahoto mai rad da sabo mai gire su gane cewa magana ɗaya suke yi.

Sauran haruffan ba sa bukatar dogon bayani, hanyar ɗaya ce. Megarad 1 rad miliyan ɗaya ne, a raba da 100 a samu gire 10,000, wato kilogire 10. Wannan shi ne adadin da kwamitin haɗin gwiwa na hukumomin abinci, lafiya da makamashin nukiliya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 1980 cewa abincin da aka haska har zuwa gare shi ba shi da haɗarin guba. Sirinji da safar hannun asibiti ana kashe musu ƙwayoyin cuta da kilogire 25, wanda tsofaffin takardu ke kira megarad 2.5. A ɓangaren ƙananan adadi kuma, miligire 1 milirad 100 ne, milirad 1 kuma maikirogire 10. A rubutun hannu a kula da M da m, domin tsakanin Mrad da mrad akwai ninki biliyan ɗaya.

Akwai kuma lissafin lokaci. Na'urar haskawa tana ba da adadi ne a hankali, kaza a kowace awa. A ce takardar wata na'ura ta nuna krad 30 a awa, mu kuma muna son gire 80. Krad 30 gire 300 ne. A raba 80 da 300 a samu kason awa da ake bukata, a ninka da 60 a samu minti 16. Sai dai kobalt-60 yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan shekara 5.27. Idan takardar ta kai wannan shekaru da rubutawa, na'urar gire 150 take bayarwa a awa, aikin kuma zai ɗauki minti 32. Don haka kwanan watan da ke kan takarda yana cikin lissafi.

Saura wasu ma'aunai da ke zama kusa da gire da rad har a ɗauka 'yan gida ɗaya ne, alhali abin da suke aunawa daban ne.

Na farko shi ne sibat, alamarsa Sv, wanda aka amince da shi a 1979 da sunan Rolf Sievert na ƙasar Suwidin, da tsohon takwaransa rem. Su ma ɗari ne tsakaninsu: sibat 1 rem 100 ne, milisibat 1 milirem 100. Dalilin samuwarsu shi ne gire ɗaya na wani haske ya fi gire ɗaya na wani ɓarna a jikin mutum. Ƙwayar alfa tana da nauyi, ba ta nisa, tana zazzage dukan makamashinta a ɗan taƙin wuri, sai tsinkewar zaren gado ta yi muni ta yi wuyar gyaruwa. Saboda haka ake ninka gire da wata lamba ta nauyin illa kafin a samu sibat. Ga eksire da gamma da beta, lambar 1 ce. Ga alfa, 20 ce. Miligire 1 na gamma milisibat 1 ne, amma miligire 1 na alfa milisibat 20 ne, wato rem 2. Idan wani sashe na jiki ne kaɗai ya sha, akwai ƙarin lamba da ake ninkawa gwargwadon raunin wannan sashe. Sibat ma'auni ne na kare lafiyar ɗan Adam daga haɗarin ƙananan adadi, ba a auna albasa ko sirinji da shi. A matsakaici, mutum a duniya yana samun kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama, wato milirem 240. Amurka har yau tana rubuta dokokinta da rem, shi ya sa littattafai da na'urorin da suka fito daga can ke ci gaba da kawo mana tsohon ma'auni.

Na biyu shi ne bekarel, alamarsa Bq, da tsohonsa kuri, alamarsa Ci. Waɗannan ba sa auna abin da jiki ya sha. Suna auna yawan aikin sinadarin da ke fitar da hasken. Bekarel 1 yana nufin cibiyar zarra ɗaya tana fashewa a kowace daƙiƙa. Kuri 1 bekarel biliyan 37 ne, don haka ƙa'idar ɗari ba ta aiki a nan ko kaɗan. Ba a kuma juya kuri zuwa gire da ninkawa kawai, sai an san irin sinadarin, da nisan mutum daga gare shi, da tsawon lokacin da ya tsaya, da abin da ke tsakaninsu. A birnin Goiânia na Burazil a 1987, masu tsintar ƙarafa suka fasa wata tsohuwar na'urar gashi da aka yasar, mai ɗauke da sinadarin siziyam-137 na kimanin kuri 1,375, wato bekarel tiriliyan 51. Mutum huɗu suka rasu. Ƙarfin sinadarin ɗaya ne ga kowa, amma abin da kowane mutum ya sha ya bambanta bisa ga kusancinsa da shi da daɗewarsa a wurin. Darasi ne da ya shafi masu sana'ar jari-bola a ko'ina, kuma a Najeriya Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda dokar 1995 ta kafa ta fara aiki a 2001, ita ke da alhakin sa ido a kan irin waɗannan sinadarai.

Na uku shi ne rontgen, alamarsa R, wanda ya girmi rad da gire, domin tun 1928 aka amince da shi a Stockholm. Shi yana auna yawan cajin lantarki da eksire ko gamma ke haifarwa a cikin iska. Rontgen 1 yana sa iska ta sha kimanin rad 0.88, tsokar mutum kuma ta sha abin da ya kusa rad 1. Wannan kusanci ne ya sa ma'aikata suka saba ɗaukar rontgen 1 a matsayin rad 1 da rem 1 idan gamma ko eksire ake magana. Ƙiyasi ne mai amfani a fagen aiki, amma ku bambanta shi da ɗarin da ke tsakanin gire da rad, wanda yake cif.

Mu haɗa su a aiki ɗaya na ƙarshe. A ce ma'aikaci ya ɗauki tsohuwar na'urar awo mai allura, ya tsaya inda yake zama kullum kusa da ma'ajiyar wani sinadari mai fitar da gamma, allurar ta nuna 2 mR/h, wato milirontgen 2 a awa. Bisa ƙiyasin da muka ambata, wannan kusan milirad 2 ne a awa. Milirad 1 maikirogire 10 ne, ke nan maikirogire 20 a awa. Da yake gamma ne, lambar nauyin illa 1 ce, sai ya zama maikirosibat 20 a awa. Idan yana zama a wurin awa 40 a mako har mako 50, awa 2,000 ke nan. A ninka 20 da 2,000 a samu maikirosibat 40,000, wato milisibat 40, ko rem 4 a tsohon ma'auni. Iyakar da hukumar kare mutane daga radiyeshan ta duniya ta ba da shawara ga ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara, idan aka ɗauki matsakaicin shekara biyar. Wannan ma'aikaci yana kan ninki biyu na iyakar. Idan ya rage zamansa a wurin zuwa awa 1,000 a shekara, ya sauko daidai kan iyaka, wanda bai isa a kwantar da hankali ba. Idan kuwa sinadarin ƙarami ne a wuri guda, ya ja kujerarsa baya har nisan ya ninka biyu, hasken da ke isa gare shi zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, allurar ta sauka zuwa 0.5 mR/h, adadinsa na shekara kuma ya koma milisibat 10, wato rem 1.